Ƙaryar da Na Yi wa Baba a Kan Kashi na Biyu

Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na ba da baya. Wai na daina zuwa silima ne saboda wani fim ɗin fatalwa ya firgita ni, na fito a guje na bar takalmi wari ɗaya a ƙarƙashin benci. Abokina Gyang ne ya ƙago wannan labari, uwarku ta karɓa ta ƙara masa gishiri, ni kuwa ban taɓa musawa ba, domin ya fi gaskiyar daɗin ji. Takalmi kam na taɓa bari, amma ranar wani fim ɗin Caina ne da faɗa ya kaure a layin baya, ba ruwan fatalwa. To, yanzu waɗanda maganar ta shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara ba ni notis, bari in rubuta muku yadda aka yi. Ku yi haƙuri da rubutun. Aji biyu na yi a firamare, ragowar bokon a jikin fostar silima na tsince shi.

Abin ya faru ne da damina, wajen shekara guda kafin soja su miƙa mulki ga farar hula. Lokacin ina gyaran babur a wata rumfar kwano a Nasarawa Gwom, Gyang yana walda a rumfar da ke jikin tawa. Gida kuwa a Ali Kazaure muke, ni da Baba, Malam Hamidu, da Inna, da uwarku Hajara, ke Rabi kina goye. Ni ne auta. Yayyena duk sun kama gabansu, ni aka bari in kula da tsofaffi, ko in ce ni aka bar wa tsofaffi su ci gaba da fama. Ba na sha, ba na caca, aibuna ɗaya ne: duk fim ɗin da ya hawo dutsen nan, ranar farko ina kan benci. Da safe kafin in kwance ko noti ɗaya rumfata ta cika da teloli da direbobi da masu kayan gwari, kowa da tambaya guda.

"Alƙali, a shiga ko a haƙura?"

Haka suka raɗa mini, Alƙali, ni da ko sunana sai na cije harshe nake rubutawa. Amma hukuncina ba a ɗaukaka masa ƙara. In na ce a shiga, da magariba za ka ga layi har titi. In na ce a haƙura, sai mai yanka tikiti ya yi ta hamma. Fim ɗin Indiya da na Caina kowa yana iya yanke musu hukunci, ka ƙirga waƙa, ka ƙirga duka. Inda na fi kowa shi ne fim ɗin ban tsoro, kuma a shekarun nan Turawa sun buɗe mana famfonsa. Ina da ƙa'ida. In aka nuna maka dodon tun da wuri, an cuce ka, domin muddin yana bayan ƙofa tsoronsa na zuciyarka, da zarar an buɗe sai ka ga wani ƙato ne aka shafa wa fenti. In jini ya yi yawa, mai fim ɗin ba shi da labari ne, yana rufe talaucinsa da tumatirin gwangwani. Sannan ina cire maki a kan wautar Bature, wanda zai ji motsi a ɗakin ƙasa ya ɗauki kyandir ya nufi wurin shi kaɗai, ba bisimilla, ba kiran maƙwabci. Turanci kuwa ba na ji sai kalma biyu, kamon da sharaf, wato taho da rufe baki, don haka maganar da ke bakin 'yan wasa ni nake zuba musu ita. Wani malamin makaranta ya taɓa cewa tawa ta fi tasu ma'ana. Ban sani ba ko yabo ne.

A gida ma ina da zama na biyu. Matan aure ba sa zuwa silima, don haka bayan la'asar Inna da Hajara da matan maƙwabta sukan taru a tsakar gida, ana tsince shinkafa ana kitso, ni kuma in maimaita musu fim tun daga farko, in yi muryar jarumi, in yi ta yarinya, in yi ta kare in akwai kare. Baba bai taɓa taka ƙofar silima ba. Gidan 'yan iska yake kiranta, a gabana, yana kallona. A zaure yake zama da carbinsa da rediyonsa. Sai dai na lura, duk sanda na fara labari muryar rediyon takan yi ƙasa, in na gama ta dawo. Ban taɓa nuna na gane ba. Tsoho ne da ya yi shekara talatin a aikin kuza, ƙirjinsa ya tafi, kafaɗa ɗaya ta karkace saboda ɗaukar kwanon sarki, kuma ba mai yawan magana ba ne.

A wannan daminar aka kawo wani fim da 'yan gari suka sa wa suna Mai Ƙwanƙwasa. Wasu mutum shida ne ke haƙar ma'adini a ƙarƙashin ƙasa, can ƙasar Turawa. Rami ya rufta, biyar suka fito, ɗaya ya maƙale. Suna jin yana buga ƙarfe daga ciki, amma tsoro ya kama su, suka toshe bakin ramin suka koma gida, suka ce ya mutu. Daga nan bugun ya riƙa bin su. Mutum yana cin abinci ya ji shi a ƙarƙashin tebur, yana wanka ya ji shi a cikin famfo. Har fim ya ƙare ba a nuna fuskar kowa ba, sauti ne kawai. Na fito na ce wannan shi ne fim. Na ba shi hukuncin da ban taɓa ba wani ba, na ce wanda bai da kuɗin shiga ya sayar da hularsa.

Da la'asar na zo maimaita wa mata. Akwai durom ɗin ƙarfe da muke tarar ruwan sama, na zaro sifana daga aljihu na tsaya a jikinsa. Da na kai wurin ruftawar, sai shegantakata ta motsa. A fim ɗin mutumin bugu yake yi ba ƙaƙƙautawa, amma ni na ga zai fi tayar da tsikar jiki in na tsara shi. Na buga sau uku, na yi shiru. Na sake buga uku, na yi shiru mai tsawo. Na ce da su, kun ga, yana tattalin ƙarfinsa ne, ya san iska ta kusa ƙarewa. Wata cikin matan ta saki tire shinkafa ta watse. Ina cikin jin daɗin kaina sai na ga duk sun gyara mayafi. Na waiga. Baba ne tsaye a bakin zaure, ba carbi a hannunsa.

"Wa ya faɗa maka haka?"

"Haka me, Baba?"

"Sau uku ya huta."

"A fim ne, Baba," na ce, don kunya ba ta bar ni in ce ni na ƙara ba.

Ya daɗe yana kallon durom ɗin, sannan ya ce, "Sun fito da shi?"

"A'a. A nan aka tsaya. An ce akwai kashi na biyu."

Ya juya ya koma zaure. Ranar ba a sake kunna rediyo ba.

Daga wannan rana Baba ya daina cin abinci. Ba wai ya ƙi gaba ɗaya ba, zai kai loma biyu ya ture kwano. Kunu ma da yake sha da safe kamar ibada sai ya huce a gabansa. Cikin mako biyu rigarsa ta fara yi masa yawa, ga sanyin Jos da damina, ga ƙirjin da dama ba lafiyayye ba. Wata safiya ina fito da babur Inna ta tare ni a soro, ta kama kan babur ɗin da hannu biyu.

"Auta, kai da bakinka kun kashe mini miji."

"Subhanallahi, Inna, me na yi?"

"Ba ya barci. Zaune yake kwana, yana cewa in saurara. Ka san Azi?"

Ban san shi ba. Ta ce tun kafin a haife ni, Baba yana da abokin aiki ɗan ƙasar nan, Kirista, sunansa Azi. Tare suke loto. Loto rami ne kamar rijiya, a gangara ƙasa sannan a bi jijiyar kuza a kwance, mutum ɗaya a ciki yana cika bokiti, ɗaya a sama yana ja. Ranar Azi ne a ciki, Baba a sama, ƙasa ta rufta. Iyakar abin da ta sani ke nan, domin a shekara talatin da wani abu Baba bai ƙara mata ko kalma ba.

"Tunda kai ka ɗaura," in ji ta, "sai ka kwance."

Na je na sami Baba a zaure, na durƙusa, na yi ta bayani. Na ce wasa ne, ba wanda ya mutu, mutumin da ramin ya danne na gan shi a wani fim yana tuƙa jirgin ruwa. Ya bar ni na gama tas.

"Isiyaku, ka ɗauke ni mahaukaci? Na ga majigi tun ba a san za a haife ka ba. Turawa sun zo da akwatinsu sun ɗauke mu muna aiki, bayan wata shida suka kafa farin ƙyalle a bariki, na ga kaina da kwano a ka, har da facin da ke wandona. Abin da ya hau ƙyallen nan daga wani wuri aka ɗauko shi. Na yarda naku wasa ne. Amma wanda ya tsara wannan ya taɓa tsayawa a bakin rami. In ba haka ba, ina ya san sau uku ake yi a huta?"

A nan ya kamata in ce, Baba, ni ne. Wallahi bakina ya buɗe. Amma ban ga amfanin ba, domin ko na faɗa, abin da ya taso ya riga ya taso.

"In sun kawo ci gaban," ya ce, "ka je ka gani. Ka zo ka faɗa mini abin da ya yi musu."

Ku lura, bai ce abin da suka yi ba. Abin da ya yi musu ya ce.

Fina-finai a zamanin sai sun tsufa a Ikko kafin su iso mana, don haka wanda aka yi shekara biyu tsakaninsa da ɗan'uwansa mu sai ya zo mana mako uku a tsakani. Ranar Juma'a aka manna fosta. Ni da Gyang muka shiga. Kafin a fara suka sa wani ɗan gajeren majigi na yadda aka shirya fim ɗin, abin da ba mu saba gani ba. Aka nuna wani siririn Bature zaune a kujera, mata biyu suna liƙa masa roba a fuska suna shafa masa taɓo, shi kuwa yana shan shayi da tsinke ta ramin bakin. Jama'a suka yi ta dariya. Ni tun daga nan na san an lalata abin. Haka kuwa aka yi. Minti goma ba a yi ba suka fito da shi fili, da fuskar roba da haƙora kamar na alade. Ya bi mutanen nan biyar ɗaya bayan ɗaya, duk sun tsufa, yana kama ƙafarsu yana janye su cikin ƙasa. Na ƙarshen wani tsoho ne, ya durƙusa yana roƙo yana kuka, aka ja shi a gaban jikokinsa. Tumatirin gwangwani kuwa an yi ɓarnarsa. A ma'aunina fim ne na banza, kamar yawancin kashi na biyu, waɗanda ba labari ne ya rage ba, kwaɗayi ne ya rage. Amma ban taɓa fita daga silima jikina a mace kamar ranar ba, saboda tsohon nan da ke roƙo kafaɗarsa ɗaya a karkace take, ko kuma idona ne ya karkata ta.

Na kwana ina lissafi. Gaskiya ba za ta faɗu ba. In ce ban je ba, ba wanda zai yarda. Saura ƙarya. Amma ƙarya a gida kaɗai ba za ta tsaya ba, domin abin da na faɗa a rumfa da safe kafin azahar ya kai masallacin unguwarmu, yaran maƙwabta su kai wa iyayensu, iyayen su zauna da Baba. Dole labarin da zai ji a tsakar gida ya zama shi ne zai ji a waje, daga bakin Alƙali. Don haka da safe, rumfa cike, rabin mutanen sun kalli fim ɗin tare da ni, na gyara murya na ce mutumin ya fito, ya bi abokansa ɗaya ɗaya, ba don ya kashe su ba, don ya faɗa musu ya yafe. Na ce jan da yake musu cikin ƙasa a mafarki ne, wanda bai jin Turanci ba zai gane ba. Ni nake faɗar haka, ni mai kamon da sharaf.

Gyang ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni.

"Oga Alƙali, wane silima ka shiga jiya? Ba ni da kai ne a benci ɗaya ba? Tsohon nan da an ja shi, matanshi yana ihu, shi ma mafarki ne?"

"Mafarki ne."

"To gyaɗan da ka ci mini, shi ma mafarki ne?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Wani tela ya ce barci na yi. Wani direba ya ce a'a, tsoro ne ya sa na rufe ido tun daga farko. Gyang ya ɗora da zancen takalmi, kun ji inda aka haife shi. Na tsaya a kan bakana, na ci gaba da kwance kabireta. Waɗanda ba su kalla ba suka shiga da dare a kan maganata, suka fito suna nema na. Kafin mako ya zagayo na koma Alƙalin Mafarki. Ba wanda ya sake tambayata a shiga ko a haƙura, sai don tsokana. Na ci gaba da zuwa silima na 'yan watanni, sannan na ga kallo ba shi da daɗi in ba wanda zai yarda da labarinka da safe, na bari. Shekara bakwai na yi ina gina wannan suna, kuma shi kaɗai ne abin da na taɓa mallaka wanda masu ilimi ke zuwa nema wurina. Ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba.

Da la'asar ɗin ranar na yi wa mata nawa fim ɗin. Ban taɓa zuba gwaninta irin ta ranar ba. Na sa mutumin ya fito da fararen kaya, ya zauna kusa da tsohon, ya ce masa, na san ka yi iya ƙoƙarinka, kwana ne ya ƙare. Inna tana share hawaye da bakin zani. Hajara, wadda ta san ni, ta sunkuyar da kai tana tsince wake ɗaya sau uku. Daga zaure ba motsi.

Washegari bayan azahar Baba ya aiko Hajara ta kira ni ɗakinsa, abin da bai saba ba. Ya ce in sakaya ƙofa. Yana zaune a bakin gado, bargo a kafaɗa.

"Labarinka na jiya ya yi daɗi."

"Haka suka yi shi, Baba."

"Ƙarya kake. Ba wanda ya faɗa mini, kada ka zargi kowa. Irin wannan ƙaryar na san ta ne, mai laushi, wadda ake yi wa wanda ake tausayi. Ni ma na taɓa yin irinta."

Sai ya faɗa mini abin da Inna ba ta sani ba. Ya ce da ƙasa ta rufta, Azi bai mutu ba. Yana buga bokiti daga ciki, sau uku ya huta. Tun hantsi suke tono, shi da wasu mutum huɗu, da shebur, da hannu. Duk abin da suka kwashe gefe ya sake zubowa. Da la'asar hadari ya haɗo, heluma, shugaban leburori, ya ce kowa ya fita, in ruwa ya sauka ramin zai haɗa da su. Sauran suka fita. Baba ya ƙara kamar rabin awa shi kaɗai, ruwa ya fara zuba, ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin ƙafarsa, ya tuna Inna tana da ciki, ya kama igiya ya hau.

"Ina hawa yana bugawa, Isiyaku. Ba wai ya daina ba ne na tafi. Yana bugawa na tafi."

Ya ce da yamma shi aka tura wurin matar Azi, Saratu, tana da yara uku. Ta tambaye shi abu ɗaya, ya sha wahala? Ya ce mata a'a, nan take ne, ko sani bai yi ba.

"Yanzu faɗa mini ƙarshen fim ɗin na gaskiya."

Na faɗa masa, har da tsohon da ke roƙo. Ya saurara yana gyaɗa kai, kamar mai jin farashin da dama ya zata.

"Wannan ya fi kama da gaskiya," ya ce. "Saratu tana nan da rai, a Jos Jarawa, wurin ɗanta. Ran Lahadi mai zuwa in sun taso daga coci za ka kai ni. Ba zan shiga kabari da maganar nan a bakina ba."

Na yi ƙoƙarin hana shi. Na ce Baba, me za ta yi da shi yanzu? Ya ce ba ita ce za ta yi wani abu da shi ba, haƙƙinta ne, shi ya riƙe mata ba da izininta ba.

Ran Lahadi na goya shi a babur. Bai fi nauyin buhun dusa ba. Muka yi tambaya sau biyu muka sami gidan. Ɗanta Bitrus, magidanci mai furfura a gemu, ya karɓe mu, ya sa aka kawo kujeru ƙarƙashin wani mangwaro. Tsohuwar tana zaune a tabarma da kayan cocinta, idonta ya yi fari, tana ɓare gyaɗa da laluben hannu. Baba ya yi sallama. Ta ɗaga kai.

"Wannan muryan Hamidu ne. Hamidu, ba ka mutu ba?"

"Ina nan, Saratu. Ke nake jira ki fara."

"Ka ji mugu. Zo kusa in taɓa ka. Kai, ka rame! Matanka ba ya ba ka abinci?"

Suka yi ta gaisuwa, suka ƙirga waɗanda suka mutu a cikin mutanen barikinsu, suka yi dariyar wani kuku da ya taɓa dafa wa Bature hankaka ya ce tantabara ce. Aka kawo kunun acca, Baba ya riƙe kofin bai sha ba. Bitrus ya shiga ciki. Na ga Baba ya ajiye kofin a ƙasa, ya goge tafinsa a gwiwa.

"Saratu, a kan maganar Azi na zo."

Ta miƙo hannu, ta lalubi wuyan hannunsa ta riƙe. Na ga yatsunta sun nutse a fatarsa.

"Hamidu, kullum in na yi addu'a ina sa sunanka. Ka san me ya sa? Matan da rami ya ci mazansu, ba wanda ya gaya musu komai, sai dai a kawo riga. Ni kai ka zo da ƙafanka, hannunka duk jini, ka ce mini bai sha wahala ba. Da wannan magana na yi barci. Da shi na yi noma, da shi na rene yara uku. In ba don shi ba da na bi shi cikin ramin." Ta ɗan girgiza hannun nasa. "To, me kake so ka ce?"

Na kalli Baba. Leɓensa yana motsi ba sauti. Kaji suna tsattsagar ɓawon gyaɗa a gabansu.

"Na zo in ce ban manta da shi ba."

"Na sani," ta ce, ta sake shi. "Sha kununka."

Har yau da nake rubuta wannan ban sani ba, ko tsohuwar nan ba ta san komai ba, ko kuwa ta daɗe da sani, ta ji abin da ke tafe a muryarsa ta tare shi a ƙofa. Mutum huɗu ne suka yi tonon tare da Baba, kuma mutum huɗu suna da mata, matan suna zuwa rafi. Na juya abin a raina shekara da shekaru. Wani lokaci in ce Baba ya yi daidai da ya haɗiye, wani lokaci in ce an hana shi sauke kayansa ne, kuma ita ke da ikon hanawa. Ban tsayar da ɗaya ba.

A hanyar dawowa muka zo gefen wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa ya zama tafki. Ya taɓa kafaɗata, na tsaya. Bai sauka ba. Muka zauna a kan babur, inji a kashe, muna kallon koren ruwan. Na ce a raina yanzu ne lokacin, na ce, "Baba, bugun nan sau uku, ba ya cikin fim ɗin. Ni na ƙara don in tsorata mata."

Na ji ƙirjinsa ya motsa a bayana. Na zaci tari ne, ashe dariya ce, 'yar ƙarama, ta farko cikin wata guda.

"Ɗan banza," ya ce. Can kuma ya ce, "Shekara talatin da biyar ni kaɗai nake jin sa. Yanzu mu biyu ne. Tada babur, uwarka tana jira."

Muka iso gida ana kiran magariba. Inna ta kawo tuwo ta ajiye a gabansa ba tare da ta sa rai ba, ta koma bakin murhu tana satar kallonsa. Ya wanke hannu. Ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu, ya tsaya. Duk gidan muka tsaya tare da shi. Sai ya ɗaga kwanon ya miƙa wajenta.

"Miyar nan ta yi kaɗan," ya ce. "A ƙaro."